Ashe kwayil ne

Kusan sati uku kenan Corolla ɗina ta 2005 tana ba ni wahala wallahi, da na taka totur sai ta riƙa fizga tana shaƙewa kamar za ta mutu, musamman in na ɗauko iyali muna hawa gada. In tana tsaye kuma ba ka jin komai sai ɗan rawa kaɗan. Na fara zargin mai ne don na taɓa saye a wajen 'yan bumburutu, aka wanke tanki aka canja filtar mai, kuɗi ya tafi matsala na nan daram.

Wani bakanike har ya ce in sayi sabon famfon mai, hankalina bai kwanta ba gaskiya. Jiya na kai ta wajen wani dattijo a gareji, ya jona mata na'urar kwamfuta ta nuno lambar matsala P0302, ya ce "Alhaji, silinda ta biyu ce ba ta cin wuta." Abin da ya burge ni bai ce a sayo komai ba tukuna, sai ya cire kwayil ɗin ta biyu, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya musanya da na ta uku, muka zagaya muka dawo lambar ta koma P0303, wato silinda ta uku, kaga matsalar ta bi kwayil kenan. Fulogi ma duk sun ci, muka canja huɗun tare da kwayil ɗaya daga Ƙofar Ruwa.

Yau na bi hanyar Zariya har Kwanar Dangora, ko fizga ɗaya babu. Alhamdulillah, Allah ya saka wa Baba da alheri.