Aikin haɗa sauti a wasannin Kaduna da abin da ya koya min

Yawancin abin da ake kira wasa a garin nan yanzu ba kiɗan kai tsaye ba ne, filashi ne. Mawaƙi zai zo da yaransa, ya miƙo min filashi ko ya turo waƙar ta waya, in danna, shi kuma ya riƙe makirfo yana bin muryarsa da aka riga aka wanke a situdiyo, jefi-jefi ya ce "ina mutanena" don a san yana wurin. Ni aikina haɗa sauti, na fara ne da ɗaukar lasifika da naɗe waya a shagon ogana a Tudun Wada kafin a yarda in zauna bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, kuma na yi bikin aure, na yi wasan sallah, na yi taron siyasa, na tsallaka gadar kogin Kaduna na yi a coci-coci. Abin nan na filashi yana ci min rai sosai, don na san abin da muke asara.

Ban ɗora wa mawaƙan laifin duka ba gaskiya. Ɗauko makaɗa kuɗi ne, ga mota ga abinci ga sallama. Amma babban abin da ke korar su shi ne tsoro, an sha kunyata su a gaban jama'a saboda sauti marar kyau, kuma yawanci matsalar ɗaya ce, mawaƙi ba ya jin kansa. Manyan lasifikun duk jama'a suke kallo, shi yana bayansu, abin da ke dawo masa amsa-kuwwa ce daga bango wadda ta makara, sai ya riƙa fita daga kiɗa ko ya yi ta ihu har murya ta dushe. Maganin ƙaramar lasifika ce da muke ce wa monita, ana ajiye ta a ƙasa tana kallon mawaƙi da makaɗa, amma da yawa cikin masu haya ba sa kawo ta don mai biki ba ya ganin amfaninta, shi dai a jera masa manya har rufi. Wannan ba ciwon mu kaɗai ba ne. Mawaƙan Beatles na Ingila sun yi wasa a filin Shea na Niyok a 1965 gaban mutum sama da 55,000, ihun jama'a ya hana su jin abin da suke kaɗawa, kuma zuwa 1966 sun daina yawon wasa kwata-kwata.

Wanda ya fahimtar da ni zancen nan wani dattijo ne makaɗin kalangu da muka haɗu a wani biki a Kawo. Muna gwaji ya yafito ni ya ce, "Yaro, in ban ji bakin mawaƙi ba da me zan ba shi amsa?" Na ce to Baba, na jawo monita kusa da shi na saka masa muryar mawaƙin da ta 'yan amshi kawai. Wallahi abin da ya biyo baya ba zan manta ba. Kalangu magana yake yi, makaɗi yana matse tsarkiyar a hammata yana sakinta, sautin ya hau ya sauka kamar yadda harshenmu yake hawa da sauka, to in mawaƙi ya ɗauko kirarin wani sai ka ji ganga ta maimaita, wani lokacin ma gangar ce ke fara faɗa mawaƙi ya bi. Wani Alhaji ya shigo ana tsakiyar waƙa, nan take mawaƙin ya karkata kansa, ya ambaci mahaifinsa da garinsu, makaɗa suka bi shi ba tare da kowa ya kalli kowa ba, mutumin ya tsaya cak sannan ya sa hannu aljihu aka fara liƙi. Filashi ba zai taɓa yin wannan ba, bai san wa ya shigo ba. Haka marigayi Mamman Shata ya yi ta yi da makaɗan kalangunsa da 'yan amshi har ya rasu a 1999, waƙa a tsaye a gaban mutane, kuma da yawan abin da iyayenmu suka ji nasa a Rediyon Kaduna ba wani gyare-gyare a ciki.

Kayan kiɗanmu kowanne da halinsa. Kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya don makaɗi yawo yake da shi, shi ya sa nake ɗaura ƙaramin makirfo a jikinsa, ba dab da fatar ba, in ya yi kusa sai ƙarar makaɗi kawai za ka ji babu zaƙin. Da damina fata tana saki, za ka ga makaɗa sun shanya ganguna a rana ko sun kanga su kusa da wuta, da hunturu kuma ta ɗaure tamau, don haka gwajin da ka yi da azahar ba lallai ya yi maka aiki da daddare ba. Goge da kukuma in ka sake musu siririn sauti suna soke kunne, sai an ɗan rage. Kuntigi kuwa, irin wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, tsarkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata, muryarsa ƙarama ce, ba ƙara shi ake yi ba, sauran kayan ake ragewa har ya samu wurin fita.

Janareta dai a kai shi nesa, kar a haɗa layin sauti da na fitilu ko na masu firji, in ba haka ba wani gurnani zai shiga lasifika da ba abin da zai cire shi. Kuma ni da idona nake duba mai kafin a fara.

Fili da zaure ba ɗaya ba ne. A buɗaɗɗen wuri irin Murtala Square, inda aka yi babbar daba ta bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, sauti ba shi da bangon da zai dawo da shi, tafiya kawai yake, wajen mita 343 a daƙiƙa guda. In ka sa wasu lasifikun a tsakiyar fili don na baya su ji, dole ka ɗan jinkirta su a na'ura, in ba haka ba mutum zai ji kalma sau biyu, ta kusa da shi sannan ta dandali ta iso. Zaurukan biki kuma na tayil da gilas, in babu kowa ciki sai ka ji kamar rijiya, amma da mutane sun cika, manyan riguna da leshi da gyale su shanye rabin amon. Yara masu koyo suna ruɗewa a nan, su ƙure komai lokacin gwaji, ko su rage komai, alhali ɗakin da za a yi wasa a ciki bai ma iso ba tukuna.

A coci na koyi haƙuri da shiru. An kira mu gyara sauti a wata majami'a wajen Sabon Tasha, na tarar 'yan kwaya suna bita, murya kashi huɗu, mata sama maza ƙasa, kuma duk mako suke wannan bitar ba sai za a yi biki ba. Matan Zumunta kuma da tulunsu da caki, tulun nan ana buga bakinsa da wani abu mai laushi ya ba da wani sauti mai zurfi da kake ji a ƙirji. Shugabarsu ta ce min, "Ɗana, rage mana, so muke jama'a su ji kansu in suna bin mu." Na ce to Mama. Da na rage sai waƙar ta cika ɗakin fiye da da, don yanzu kowa ya buɗe baki. Mafi yawan coci-cocin nan fiyano na lantarki suke amfani da shi mai kwaikwayon muryar kayan kiɗan da ake kira ogan, amma na taɓa jin na gaske mai bututu a Cathedral Church of Christ da ke Marina a Legas, lokacin da na je sayen kaya kasuwar Alaba wani abokin aiki ya kai ni. Ba lasifika ko ɗaya a jikinsa. Iska ake hurawa cikin wani akwati, in mai kaɗawa ya danna sai ƙofar bututu ta buɗe, gajerun su yi siriri dogayen su yi kauri, yana kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu, kuma ginin kansa yana cikin kayan kiɗan don shi ke riƙe sautin bayan an ɗaga hannu. Shi ma zafi da sanyi suna canja masa murya kamar gangunanmu. Akwai wani a garin Siyon na Suwizalan da aka ƙera wajen 1435 har yau ana kaɗa shi, saboda kawai an samu masu kula da shi zuriya bayan zuriya. Ni wannan ne ya tsaya min a rai, don mu nan masu ɗaure kalangu da gyaran goge raguwa suke yi kuma ban ga yara suna zama gabansu ba.

Sai maganar ƙara. Kullum sai wani ya zo bayana yana "ƙara wuta mana!" kuma na daina biye musu. Masana lafiyar kunne sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙara awa 8 ne iyakarta, duk ƙarin 3 kuma lokacin rabewa biyu yake yi, ga shi bikinmu ya wuce nan nesa, yara ƙanana suna rawa dab da lasifika, mata da goyo a baya. Na san abokan sana'a da ba su kai arba'in ba amma sai ka ɗaga murya suke ji. Yanzu ina matsar da kujeru daga gaban lasifika da kaina, kuma in an kira sallah ina kashewa gaba ɗaya, ba ragewa ba.

Duk wanda ya zo ɗaukata aiki yanzu, in akwai makaɗa, sharuɗɗana ba su da yawa. A bar ni in kawo monita ko da za a rage manyan lasifika biyu, makaɗa su iso da wuri mu yi gwaji tare da mawaƙin da kansa ba yaronsa ba, kuma a ware musu kuɗinsu daban kar a bar su da jiran abin da ya rage daga liƙi. Mawaƙan fiyano matasa da ke jin tsoro nakan ce musu su gwada waƙa biyu kawai da makaɗa a tsakiyar wasa, sauran su yi da filashinsu, kuma waɗannan biyun ba na karɓar ƙarin ko sisi a kansu.