Abin da bayanin kayan aiki ya koya mini a harkar shinkafa

A Birnin Kebbi muke aikinmu, mu uku, kuma abin da muka ɗauko shi ne gina mataimaki na ƙirƙirarriyar basira wanda manomi ko ɗan kasuwa zai tambaya a WhatsApp game da farashin shinkafa. Irin wannan manhajar ba amsa kawai take bayarwa daga kanta ba. Ana haɗa ta da kayan aiki, wato ƙananan manhajoji da za ta kira su ɗauko mata bayani ko su yi mata wani abu. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar yin wannan kira a watan Yunin 2023, sannan kamfanin Anthropic ya saki tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa irin wannan manhajar da kayan aiki, a Nuwamban 2024, haɗa su ya yi sauƙi. Rabona a aikin shi ne rubuta bayanin kowane kayan aiki, kuma na ɗauke shi ƙaramin abu.

Ga abin da ban gane da wuri ba: wakilin, wato mataimakin nan da muke ginawa, ba ya ganin yadda aka gina kayan aikin daga ciki. Suna yake gani, da 'yan layukan bayani, da jerin guraben da zai cike a tsarin JSON, wato hanyar jera bayani yadda kwamfuta za ta iya karantawa. Da waɗannan kaɗai yake yanke shawarar wanda zai kira da abin da zai tura masa. Ni kuwa na rubuta, da Turanci, abin da ma'anarsa ita ce "yana kawo farashin shinkafa", na wuce.

Ranar da muka gwada da wani manomi daga wajen Argungu, ya tambayi kuɗin buhun shanshera. Wakilin ya ba shi farashin shinkafar da aka casa, cikin cikakken tabbaci. Da a ce ya tafi kasuwa da wannan lissafin, da ya yi faɗa da dillali a banza. Kwana biyu ina neman laifin a cikin manhajar, alhali yana cikin jimlata.

Kawuna ne ya buɗe mini ido, shi da ya tsufa a cinikin hatsi. Na karanta masa bayanin da Hausa ban gaya masa komai ba. Sai ya ce, "Ɗana, wace shinkafa? Wane buhu? Na wace kasuwa, kuma na wace rana?" Na ce, "Kawu, ai an sani." Ya ce, "Kai ka sani. Wanda ka aika fa?" Tambayoyi huɗu ya yi, kuma huɗun duka babu amsarsu a rubutuna.

Daga nan na sa wa kaina gwaji na farko: in bai wa mutumin da bai san aikinmu ba bayanin, in ga ko zai iya faɗin yaushe ake amfani da kayan aikin, yaushe ba a yi, me za a ba shi, me zai dawo da shi. Sabon bayanin ya fayyace cewa akwai shanshera akwai casasshiya, dole a zaɓi ɗaya, in mai tambaya bai faɗa ba a tambaye shi. Ya ce farashin na ranar da kasuwa ta ci ne ta ƙarshe, ba lallai na yau ba. Ya ambaci nauyin buhun da ake nufi. Na kuma saka kalmomin Hausa a ciki yadda mutane ke faɗinsu, domin manomi ba zai ce kilo ba in mudu yake nufi.

Amma karatun ido ba ya isa, kuma nan ne na fi daɗewa. Bayani yakan yi kyau a takarda ya kasa a aiki. Na tara tambayoyi 40 daga bakin mutane, na rubuta kayan aikin da ya kamata a kira wa kowace, har da waɗanda bai kamata a kira komai ba, kamar gaisuwa ko tambayar taki. Nakan maimaita kowace sau da yawa, tunda wakilin ba ya amsawa iri ɗaya kullum. Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda. Na ware wasu tambayoyin ban taɓa su ba sai ƙarshe, don kada in riƙa gyara bayanin daidai da jarrabawar da na riga na san amsarta. Mafi amfani duka shi ne zama in karanta tarihin kiran da ya yi layi-layi. A nan na ga yana rikita kayan aiki biyu, na farashin yanzu da na farashin watannin baya, saboda bayanansu sun fara da kalmomi iri ɗaya. Da na rubuta a kowanne abin da ba ya yi, na kuma nuna ɗan'uwansa, rikicin ya lafa.

Na taɓa zarcewa ɗaya ɓangaren, na cika shafi da gargaɗi. Duk wannan rubutun ana tura wa wakilin shi a kowace hira, ga kuɗi ga jinkiri, muhimmin layin kuma ya nutse. Na rage.

Saƙon kuskure ma na gane bayani ne. In wakilin ya tura sunan kasuwar da ba mu da ita, yanzu ana mayar masa da jerin waɗanda muke da su, sai ya gyara da kansa.

Wanda har yanzu nake taka-tsantsan da shi shi ne kayan aikin da ke rubuta tayin manomi ga masu saye. Layinsa na farko yana cewa abin da aka tura ba ya dawowa, sai an karanta wa mai kaya adadin buhuna da farashi ya ce ya yarda. Mako mai zuwa za mu ƙara albasar Aliero, kuma na riga na ajiye rana da Kawu kafin in rubuta ko layi ɗaya.