Otokilef da tabon da ke hannuna

Jiya na shiga lab na tarar da wasu 'yan aji huɗu sun kewaye otokilef suna leƙen agogonta, ɗaya har ya ɗora hannu kan murfi yana cewa ai ta gama, wallahi sai da gabana ya faɗi don ni ma haka na yi shekarar da nake firojek ɗina, tabon na nan a bayan hannuna na dama har yau.

Ga wanda bai santa ba, tukunyar ƙarfe ce mai rufuwa gam, a zuba ruwa a ƙasanta ya tafasa, tururi ya rasa hanyar fita sai matsi ya taru, zafin ya wuce digiri 100 da ruwa ke tsayawa a tukunyar gida ya kai 121, a bar kaya minti 15 zuwa 20 a haka don kashe har bakteriyar nan masu shiga ɓawo su kwanta, waɗanda tafasa kawai ba ta yi musu komai. Charles Chamberland da ya yi aiki da Louis Pasteur a Faransa ne ya ƙera ta a 1879, kuma in ka taɓa dafa wake a firesha kuka to ka san yayarta.

Ni a waccan shekarar agar na sa a kwalabe, wato abin nan mai daskarewa kamar jeli da ake renon bakteriya a kansa, yamma ta yi ina so in kama motar gida, allurar matsi na sauka sifili na buɗe na sa safar roba ta lab na ciro kwalba ɗaya, ina ɗan karkata ta kawai sai agar ɗin ya taso fuuu ya zubo min a hannu. Abin da ban sani ba shine ruwan cikin kwalba yana iya zama sama da digiri 100 ko da matsin tukunyar ya sauka, yana nan lum kamar ba komai, girgiza kaɗan ta ishe shi ya yi aman wuta. Ga agar kuma da ɗanko, manne wa fata yake.

Baban lab ɗinmu, wani dattijo da ya fi shekara 20 a wurin, shi ya ja ni bakin famfo ya riƙe hannun a ƙarƙashin ruwa kusan minti 20, wata ƙawata ta kawo man goge baki ya ce ta mayar jakarta. Sai da na daina kuka ya ce, "Yarinya, ke da wa kike tsere?" Na ce Baba mota. Ya ce to ga motar asibiti nan kin samu.

Daga ranar ya zaunar da ni. Kada ruwa ya wuce kashi biyu cikin uku na kwalba, kuma a sassauta murfinta, kwalbar da aka ɗaure tamau fashewa take. Allura ta sauka sifili, zafi ya yi ƙasa da 80, sannan a ɗan ɗaga murfi ta gefen da ba fuskarka ba, a ba shi minti 10, a sa safar zafi mai kauri. Bilic ko sinadari mai kama wuta ba ya shiga ciki sam.

Amma abin da ya fi damuna yanzu ba ƙuna ba ce, kayan da ke fitowa ana zaton sun tsarkaka alhali ba su yi ba. In ba a bar bawul a buɗe da farko iska ta fita tururi ya fara fitowa sosai ba, allura za ta nuna matsi daidai amma zafin bai kai ba. In NEPA ta ɗauke wuta ana minti na 9, lissafi daga farko za a sake, ba a ɗorawa. Shi kuma tef ɗin nan da ake mannawa a jikin kaya, wanda layinsa ke yin baƙi in ya sha zafi, zafi kawai ya shaida ya taɓa shi, gwajin gaske shine a sa ɗan bututu mai ƙwayoyin Geobacillus stearothermophilus, wata bakteriya mai jure zafi sosai, a ga ko sun mutu. Ruwan bohol ma yana tara farar ƙasa a jikin elemen, ƙarfen da ke dumama ruwan, har ya ƙone.

Yaran jiya dai na nuna musu hannuna na ce su je su yi la'asar su dawo. Ɗaya ya yi ƙunƙuni wai sufabaizansa na jira, na ce ya turo min shi.