'Yata Ba Tafintata Ba Ce

Sanƙarau ne ya tafi da jina a shekarar 1996, lokacin annobar da Kano ba za ta manta da ita ba. Ina da shekara takwas, na riga na yi baki har na fara allo, shi ya sa har yau ina iya furta Hausa, sai dai ban san yadda take sauka a kunnen mutane ba. Daga baya aka kai ni makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, a can na yi boko, a can kuma hannuna ya koyi magana. Maigidana tela ne, shi da kurumtarsa aka haife shi. Allah ya ba mu 'ya'ya uku, duk suna ji garau, kamar mafi yawan 'ya'yan kurame.

Raino bai taɓa gagara ta ba. In yaro yana goye, kukansa a gadon bayana nake jin sa, yana kaɗawa kamar ƙaramar ganga. Da dare kuwa tafin hannuna a kan cikinsa nake barci, da ya motsa na farka. Da na yaye ta farin, Hajiya surukata ta so ta ɗauke ta, wai kada ta tashi bebiya. Muka ba ta haƙuri, yarinya ta zauna. Gidanmu gidan yawa ne, ta tsinci magana a tsakar gida, ta tsinci maganar hannu a ɗakinmu.

To daga nan kuskurena ya faro. Da na ga ta iya duka biyun, sai na mai da ita kunnena. Kasuwa da ita, wajen mai gidan haya da ita, asibiti da ita. Sau nawa na hana ta zuwa makaranta don ta raka ni awo. Mutane suna cewa, "Kai, wannan yarinya akwai wayo," ni kuma ina jin daɗi.

Tana da shekara goma na samu ciki na huɗu. A wata na uku jini ya tsinke mini, muka tari adaidaita sahu zuwa wani asibitin gwamnati. Aka yi hoton ciki. Likitan yana sanye da takunkumi, ko leɓensa ban gani ba balle in tsinci wani abu. Bai dube ni ba, ita ya duba ya yi magana. Na ga ta tsaya cak. Na taɓa kafaɗarta na tambaye ta me ya ce. Ta ɗaga hannuwa biyu ta yi alamar rungumar jariri, hannuwan suna rawa, sannan ta buɗe tafukanta ta yi alamar babu. Ya ƙara magana, ta juyo tana kallona, don ba ta san yadda ake cewa wankin ciki da hannu ba, ba ta ma san mene ne shi ba. Aka miƙo takarda na sa hannu ban san me na amince da shi ba.

Na warke, amma ita kwana da kwanaki ba ta cin abincin kirki. Wani dare ina ninke kaya ta zo ta zauna a gabana ta ce, "Umma, ko ni ce ban faɗa wa likita daidai ba, shi ya sa ƙanina ya mutu?" Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan. Na rungume ta na rantse mata ba laifinta ba ne, a raina kuma na ɗau alkawarin ba za ta sake tsayawa tsakanina da likita ba.

Na kai maganar wajen taronmu na kurame, sai na tarar kusan kowace uwa tana da irin labarin. A nan wata malama mai ji, wadda ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero, ta buɗe mana dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta bi mana ita sashe-sashe da hannu. Dokar ta ce duk asibitin gwamnatin da ke duba mai lalurar ji ko magana dole ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman dominsa. Ta ce a ba mu fifiko a layi. Ta ce mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Wanda ya nuna wariya kuma, in mutum ɗaya ne, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan ɗaya. Akwai ma hukumar ƙasa da aka kafa a 2020 don kula da waɗannan haƙƙoƙi. Ni da nake shiga asibiti kaina a ƙasa, ina ganin alfarma ake yi mini, ranar ban iya barci ba.

Muka rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa, kwafi biyu, aka buga mana hatimi a ɗaya na riƙe. Wannan dabarar malamar ce, kuma ta yi rana, domin da na koma aka ce ba a ga takarda ba sai na fito da tawa. Amsar dai ita ce ba su da tafinta a cikin ma'aikata. Amma an yarda in riƙa shiga ɗakin likita da babbar mace mai fassara mini, an kuma rubuta "kurma ce" da jan biro a bangon katina. Kada ku raina wannan rubutun. Na taɓa zama tun safe har azahar a kan benci, an kira sunana sau uku ban sani ba. Yanzu mai kiran suna takan zo ta dafa ni.

Neman tafintar ma da nasa darasin. Maganar hannu a Kano iri biyu ce. Akwai tamu ta gida da kasuwa, wadda kurame suka gada tun kaka da kakanni. Akwai kuma ta makaranta, mai tushe a ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan can, ya shigo da ita ta Ibadan wajen 1960. Ni ina jin duka biyun. Maigidana ta gida kawai ya sani. Ranar da ya kai autanmu asibiti da wani saurayi mai ta makaranta zalla, sai suka tsaya kallon-kallo, ya dawo bai fahimci sau nawa za a ba da maganin ba. Tun daga nan nake fara tambaya, "Wacce ka iya?" Kuma a sha'anin mata, mace nake nema, mai riƙon sirri, don Kano da girmanta, mu kurame duk mun san juna.

In tafinta ba ta samu zuwa ba, muna kiran bidiyo ta WhatsApp, in jingina wayar a teburin likita. Yana aiki in akwai sabis, sai dai yana cin data. Nakan roƙi nas, "Sista, don Allah sauke takunkumin ki dube ni," kuma yawancinsu suna yi. Magani kuwa ba na tashi sai an rubuta mini adadi da lokaci. A makarantar yara ma na ce a daina aiko saƙo ta bakinsu, a turo mini a rubuce ta waya, musamman in maganar kuɗi ce ko ta laifin yaro.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin motar tafinta da ɗan abin hasafinta daga aljihunmu suke fita, alhali doka a kan asibiti ta ɗora nauyin. Wadda mijinta ba shi da hali fa? Ɗanta za ta ja, kamar yadda na yi.

Yanzu ina da ciki wata bakwai. Naƙuda ba ta sallama, tana iya zuwa da tsakar dare, don haka lambobin mata biyu masu fassara suna rubuce a bangon ɗakinmu, maƙwabciyata kuma ta yarda ita za ta buga musu. Mu iyaye mata goma sha ɗaya mun sa hannu a wasiƙa ta biyu, muna neman a ajiye tafinta mace ko da ranar awo kaɗai ce. Ranar Litinin zan koma karɓar amsa, ita kuma ta farin tana da jarrabawar lissafi a ranar.