Abin da cefane ya koya mini a tsibirin Penang

Kafin in tafi karatun digiri na uku a Malesiya, ban san kuɗin mudun shinkafa ba. Da safe in ajiye wa uwargida kuɗin cefane in fice, da yamma in tarar da tuwo a kwano. In gas ya ƙare akwai ƙanena, in wanki ya taru akwai mai wanki da guga a bakin layi. Sai da na zauna ni kaɗai a tsibirin Penang, ina karatu a Universiti Sains Malaysia, sannan na ga yawan hannuwan da ke tallafe da ni a gida.

Wanki ne ya fara buɗe mini ido. A Kano in ka shanya riga da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙayau. A can na shanya kaya a baranda, kwana biyu suna nan da danshinsu, har suka soma wari. Iskar tsibirin a jiƙe take, ruwan sama kuma ba ya sallama, balle daga Satumba zuwa Nuwamba. Takalmin fatar da na adana don ranar gabatar da bincike, da na ɗauko shi bayan wata guda funfuna ta rufe shi. Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda kowa ke kira Mak Cik, kamar dai mu ce Gwaggo, ta ga ina jujjuya rigunan, sai ta ce, "Ɗana, a nan ba a dogara da rana. Kai su dobi." Dobi shi ne shagon injinan wanki, inda mutum ke zuba kuɗi ya wanke ya busar da kansa.

A watannin farko ina kallon kowane aike a matsayin ɓarawon lokacin karatu. Sai in yi ta ɗagawa: sayen katin waya gobe, biyan kuɗin wuta jibi, cefane sai firji ya zama wayam. Haka na yi sakaci da sabunta takardar zama ta ɗalibi, wadda ake yi duk shekara, har lokaci ya ƙure, na kwashe mako guda ina zirga-zirga da takardu ban rubuta ko layi ɗaya ba. Daga nan na sa aike a jadawali kamar lacca. Rubutu daga sallar asuba, wadda ake yi wajen ƙarfe shida, zuwa azahar. Laraba da yamma dobi. Asabar kasuwa. Bayan isha'i waya da iyali, tunda awa bakwai ce tsakaninmu, su a lokacin azahar ta yi musu. Abin mamaki, sai rubutun ya fi gudu, don hankalina ya daina rabuwa biyu.

Kasuwa kuwa makaranta ce. Nakan hau bas ɗin Rapid Penang zuwa George Town, da canjina daidai a hannu don direba ba ya ba da canji, in gangara unguwar Indiyawa da ake kira Little India. Can na yi ta tsintar gida ɗaya bayan ɗaya: tsamiya, kuɓewa, ganyen zogale, da garin suji da nake tuƙa tuwo da shi. Manja ne ya ba ni wuya. Malesiya ce ta biyu a duniya wajen samar da shi bayan Indonesiya, amma wanda ke cika kantuna tatacce ne, ba ja ba, ba ƙamshi. Kuka da daddawa kuwa sai dai a jira mai zuwa daga gida, a raba ƙulli-ƙulli tsakanin ɗalibai.

Ban san sunan komai da yarensu ba. Sai in buɗe waya in nuna hoton zogale, in ce da mai shago, "Abang," wato Yaya, "akwai wannan?" Ya kira sunansa, in maimaita, ya gyara mini, in sake. Ni da na yi shekaru ina tsayawa gaban ɗalibai, furta "ban sani ba" yana mini nauyi ƙwarai. A gaban masu kayan miya nauyin ya sauka. Ba a jima ba na tunkari wata ɗaliba da na girme wa da fiye da shekara goma, na ce ta koya mini manhajar nazarin alƙaluma da na daɗe ina kewaye wa. Zama uku muka yi. Babi na huɗu na kundina, wanda ya tsaya cak wata biyu, a kan wannan zaman ya tashi.

A Janairun 2024 aka sanar za a ɗauke ruwan famfo na kwana huɗu don gyara. Yawancin ruwan da ake sha a tsibirin daga Kogin Muda ake jawo shi, can ƙetaren teku. Maƙwabta suka shiga damuwa, ni kuwa wannan fage na san shi tun ina yaro. Na sayo bokitai, na cika na Mak Cik kafin nawa, na nuna wa jikanta yadda ake wanka da rabin bokiti a tara ruwan don bayan gida. Ranar da ruwa ya dawo ta aiko mini da shinkafa da miyar kifi, kwanon da zafinsa.

Ita ce kuma ta koya mini zaɓen kuɓewa: ka lanƙwasa bakinta, in ya karye ƙas ɗanya ce, in ya tanƙware ta tsufa. Yanzu da na dawo, ranar Asabar ni ke zuwa 'Yankaba da takardar da uwargida ta rubuta. Karon farko da na shigo da kayan, ta zazzage ledar a faranti, ta ɗauki kuɓewa ɗaya ta duba, ta ɗago ta ce, "Malam, wa ya zaɓar maka?"