Kumfa da turaren wuta

Tun asuba da na leƙa tankin kifayena na ruwan gishiri na ga maiƙon nan ya sake kwanciya a saman ruwa, siriri kamar na miyar da ta kwana, raina bai so ba sam. Ranar Asabar fa na canza lita 12, awon gishiri ya tsaya 1.025 cif. Su Goje da Amarya, kifayena biyu, lafiyarsu ƙalau, suna ta kai-kawo a bakin dutsensu, amma ruwan ya fara ɗan rinewa ruwan ɗorawa in ka duba shi ta gefe.

Ofis ba wani labari. Zafi kawai.

Bayan la'asar na biya ta Zoo Road wajen Malam Bashir, don tun wancan satin yake cewa in zo in ɗauki tsohon sikimansa, na'urar cire datti daga ruwan tanki, shi ya sayi sabo. Ya fito da shi daga sito, wlh tsayinsa ya kai gwiwata. Na ce Malam ai wannan na tankin lita 400 ne, nawa lita 80 ne fa, kuma ba ni da ƙaramin tankin nan na ƙasa da ake ɓoye kayan aiki a ciki, ina zan ajiye shi? Ya ce Abban Ummi kai dai ka ɗauka, da ƙarami gara babba, watarana ai za ka ƙara girman tanki. Na san don Allah yake yi, ko rabin kuɗin ma bai nema ba, amma a nan muka rabu da ra'ayi. Shi sikima ba tace ruwa yake kamar rariya ba, famfo ne ke zuƙo iska ya daddatsa ta ƙanana-ƙanana, dattin da ya narke a ruwa, ragowar abinci da kashin kifi, ya manne a jikin ƙwayoyin iskar, su taru su zama kumfa su hau wuya su zube a kofi, baƙi-baƙi mai wari, kafin ya ruɓe a cikin tanki. To kifi biyu da 'yan dodon koɗi wane datti za su tara da zai cika wuya mai faɗin nan? Kumfar ba za ta tsaya ba, yau ta hau gobe ta faɗi, ka yi ta murɗa shi a banza ga cin wuta.

Ni ƙarami nake so, wanda ake rataya a bayan gilashi ko a manna shi ciki. Akwai mai aiki da ɗan guntun katako da famfon iska, shi ne mafi araha, sai dai katakon na toshewa sai an riƙa canzawa, kuma a Kano ina zan riƙa samo shi, komai sai an aiko daga Legas. Wanda ya fi kwanta min shi ne Tunze 9001 ɗin nan na Jamus, wat 2.5 kacal, inbata ba za ta ma san da shi ba in an ɗauke wuta. Malam Bashir ya ce to ka dai kula kar a aiko maka na kasuwar Amurka mai aiki da wutar volt 110, mu 230 muke. Wannan kam gaskiyarsa. Ya kuma tuna min ƙananan nan ba sa son ruwa na hawa da sauka, ga shi da zafin nan tankina na shanye sama da lita ɗaya a wuni saboda fankar da na ɗora masa, dole kullum in riƙa cikawa da ruwan da ba gishiri, don gishiri ba ya tashi da tururi. Kuma sati ɗaya zuwa biyu na farko sai haƙuri, ambaliya zai yi ta yi kafin ya zauna.

Har na tashi babur sai ya ce, af, a falo tankin yake ko? Na ce eh. Ya ce to iskar ɗakin fa yake zuƙa ya cusa cikin ruwa, duk abin da ke cikinta. Turare, hayaƙin suya, maganin sauro.

Jikina ya yi sanyi. Duk hanyar gida ba abin da nake gani sai kaskon Maman Ummi, kullum bayan magariba sai ta zagaya falon da shi, sannan a fesa maganin sauro a rufe ƙofa. Wata takwas ina lissafin lita da wat, ko sau ɗaya ban taɓa tunanin iskar da kifayen nan ke zaune a ƙarƙashinta ba. Jatan landen da ya mutu a watan jiya na ɗora wa zafi laifi, yanzu kuma zuciyata ta ƙi yarda, don irinsu ne maganin ƙwari ya fi saurin kashewa.

Da dare na faɗa mata. Ta yi shiru ta ce Abban Ummi yanzu saboda kifi zan daina turara ɗakina? Na ce ba dainawa ba, a bar falo dai, ko kuma in ja siririn tiyo daga bakin iskar sikiman ya fita ta taga. Ta ce sauron fa, su Ummi a nan suke barci in zafi ya yi yawa. Ban da amsa a lokacin. Can ta ce a sayo gidan sauro babba, ita kuma ta mai da kasko uwar ɗaka, amma ranar Juma'a ban isa ba.

Ban yi odar ba tukuna. Na dai auna daga tanki zuwa taga, mita biyu da rabi, kuma yau ba a fesa komai ba, ga sauro nan yana ta kuka a kunnena.