Wahalar da na sha kan birkin baya na mashin ɗina mai ƙafa uku

Sati biyu cur mashin ɗina na ajiye a zaure, har kaji sun mai da shi wajen kwana, duk akan wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba. Waɗanda suka sanni a unguwar Jekadafari a Gombe sun san bana rabuwa da shi. Shan inna ta taɓa min ƙafafu tun ina ɗan shekara uku, to wannan mashin shine ƙafata, da shi nake zuwa shagon cajin waya, da shi nake zuwa Juma'a, da shi nake kai yara islamiyya.

Ba haka kamfani ya ƙera shi ba. Jincheng ne mai ƙafa biyu, wani mai walda ya cire tayar baya ya gindaya sandar ƙarfe ya ɗora taya biyu, kowacce da nata birkin, sannan birkin ƙafa da giya ya mai da su na hannu, dogayen ƙarafa biyu a gefen tanki. Ni a hannu na saye shi, kuma wanda ya sayar min shima a hannu ya saya, mai waldar kuwa ance ya daɗe da barin Gombe.

Ranar da abin ya faru ina dawowa daga Tumfure da yamma, kun dai san gangaren nan na shigowa gari, wanda manyan motoci ma sai direba ya yi addu'a. Na ja birki sai naji ƙiiii kamar ana wasa wuƙa, ƙarfen ya taho har kusan cikina amma mashin bai fasa gudu ba, sai ma ya fara jana dama wajen kwalbati. Kuma mai ƙafa uku ba ya kwantawa a kwana irin na mai ƙafa biyu, in ka damƙe birkin gaba da ƙarfi kana karkata kai tayar baya ɗaya ce zata ɗaga sama ta kifar da kai. A hankali na rinƙa rage giya ina ɗan taɓa na gaba har Allah ya sa na tsaya. Wallahi rigata sharkaf.

Washegari ƙanina ya ɗauke ni zuwa wajen masu kayan mashin. Tambayar farko, wane mashin ne? Nace Jincheng. Ya miƙo shu ɗin birki, wato ƙarfen nan mai fata da ke kama taya daga ciki, a kwali, na biya kuɗin saiti biyu tunda tayoyina biyu ne, muka dawo gida da murna. Da aka kwance taya aka gwada sai ga shi yana lilo a ciki kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Na mayar yace an riga an yage kwali. Ban ma ja maganar ba dan ni na faɗi sunan da bakina.

A nan na gane matsalar mu masu irin wannan mashin. Sunan da ke jikin tanki na gaban ne kawai, bayan kuwa duk abinda mai walda ya tsinta a lokacin shi ya haɗa. Wani yaro a shago na uku yace ai tunda ƙafa uku ne in gwada na keke napep, nayi dariya, su Bajaj RE da TVS King birkinsu na mai ne, tayarsu ƴar inci 8, nawa kuwa ɗan siririn ƙarfe ne ke jan shi da noti a wutsiya. Ba dangin iya ba na baba.

Wanda ya cece ni wani dattijon bakanike ne wajen Tashan Dukku, tun zamanin Vespa yake gyara. Aka turo mashin ɗin a hannu. Bai tambaye ni sunan komai ba, ya kwance tayoyin biyu ya kife su a ƙasa, na sunkuya zan hure ƙurar ciki da baki ya buge min kafaɗa yace kai ɗan nan, wannan ƙurar bata shiga ƙirji ta fita, sa tsumma mai danshi. Sai ya zare tsinken tsintsiya guda, ya gitta shi cikin daram ɗin, wato kwanon tsakiyar taya da shu ke zama a ciki, daga baki zuwa baki, ya karya daidai wajen, ya bani yace riƙe wannan, shine sunan mashin ɗinka. Da muka ɗora a rula milimita 130 ne, wanda na saya kuma na 110 ne, dama mafi yawan mashinan da muke hawa tsakanin biyun nan suke.

Nace Baba to shikenan sai in ce a bani na 130. Yace tukuna. Ya nuna min ko girman ya zo ɗaya sai ka duba faɗin fatar, ka duba inda hujin sifirin yake, ka duba bakin da ke zama kan fin da ɗayan bakin da ɗan ƙarfen nan mai juyawa ke buɗawa, dan in ɗaya ya saɓa zai shiga ɗin amma rabin fatar ce kawai zata taɓa. Tsohon shu ɗin dama ya cinye har ƙarfe na gugar ƙarfe, ƙarar da naji kenan. Na hagu kuwa da sauran fata amma giris ɗin boris ya zubo ya jiƙa shi yayi baƙi yana santsi, baya kama komai, shi yasa mashin ya ja ni dama. Nace a wanke da fetur mana, yace fatar da ta sha mai ta sha kenan.

Na ɗauki hoto na tura wa ɗan baffana a Kano ta WhatsApp, ya zaga Sabon Gari, wani yace sai dai a jira kaya daga Nnewi, wani yace a hoto duk shu iri ɗaya ne, kuma gaskiyarsa. Kwana biyar muka ɓata a haka. Ƙarshe dai a nan gida aka warware, wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa. Na je da tsohon shu da murfinsa a leda, yaron wajen ya juya shi sau biyu, ya shiga cikin tarin kaya ya fito da irinsa sak, yace Oga ai na Boxer ne, babbar nan 150. Shekara huɗu ina hawan rabin China rabin Indiya ban sani ba.

Da suna a hannu minti goma bai yi ba na samu. Akwai mai araha akwai mai tsada, kuma tun 2023 da aka cire tallafin mai naira ta faɗi babu abinda ke da araha na gaske, amma da na tuna gangaren Tumfure sai na runtse ido na ɗauki mai tsadar, saiti biyu, da sabbin sifirin da boris na hagu.

Ɗaurin ma sai da ya ci mana yamma guda. Baba ya ɗora bayan mashin kan bulo, ya sa ni ina jan ƙarfen birki a hankali shi kuma yana juya tayoyin da hannu, ya ƙara wa notin dama rabin zagaye, ya rage na hagu, ya sake, ya sake, har sai da duka biyun suka rinƙa kamawa lokaci ɗaya. Da ya gama ya tsoma tsinke a fenti ya ɗaga kujera ya rubuta 130 Boxer a jikin ƙarfen.

Shu ɗin Jincheng saiti biyu suna nan a shago, sabbi fil, kwalin ne kawai a yage, mai so ya zo mu daidaita. Kajin kuma sun koma kan turmi.